Sakan Biyar Kafin Karo: Shaidar da Mota Ke Bayarwa

Shugaban taro, iyayenmu malamai, jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda, shugabannin ƙungiyar direbobi, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da zuwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin haɗarin mota ya san maganganun da ake ji bayan an kwashe waɗanda suka ji rauni. Wannan ya ce birki ne ya tsinke. Wancan ya ce taya ce ta fashe. Direba, in yana iya magana, ya rantse bai wuce tamanin ba, ɗayan ne ya shigo masa hannu. Mai shayin bakin titi ya ce shi ƙara kawai ya ji, amma kafin yamma ya zama shi ne ya ga komai. Yawancin mutanen nan ba ƙarya suke yi ba. Abin ne ya fi ƙarfin ido. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowane sakan, wato cikin sakan biyar ta shafe tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi har da ɗori. Shi kuwa karon kansa, daga haɗuwar ƙarfe da ƙarfe zuwa gama murƙushewa, bai fi ƙiftawar ido ba. Wane ɗan Adam ne zai riƙe wannan daki-daki, ga firgici, ga jini, ga salati ta ko'ina?

A cikin motoci da yawa da ke bin titunanmu akwai wani mai shaida da ba ya firgita, kuma bai san wa ya fi wa girma ba. Na'ura ce ta naɗar bayanan haɗari, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa uku, EDR. 'Yan jarida kan kira ta baƙin akwatin mota, suna kwatanta ta da na jirgin sama, amma kwatancen yana ɓatar da mutane. Na jirgi yana naɗar muryar matuƙa da bayanan tafiya na awanni. Ta mota ba ta jin murya, ba ta ɗaukar hoto, ba ta san wane ne a kan sitiyari ba, kuma a mafi yawan motoci ba ta san gari ko ranar da abin ya faru ba. Ita ma ba akwati ba ce mai zaman kanta. Wani sashe ne na 'yar ƙwaƙwalwar da ke kula da jakar iska, wani ƙaramin gwangwanin ƙarfe kamar faɗin tafin hannu da aka ɗaure a ƙasan mota, galibi a tsakiya, kusa da giya ko birkin hannu.

Asalinta ma daga jakar iskar ne. Ƙwaƙwalwar nan tana da wani ɗan yanki na sakan kawai ta yanke hukunci: wannan girgizar rami ce ko karo ne, a fasa jaka ko a bari? Injiniyoyi suka so su riƙa sanin ko hukuncin ya yi daidai, sai suka sa ta riƙa ajiye abin da ta ji. Kamfanin General Motors ya fara wannan a Amurka tun shekarun 1970, da bayanai 'yan kaɗan. A 1994 ya fara naɗar ƙarfin bugun, a 1999 kuma ya ƙara da abin da ya gabaci karon: gudu, juyin inji, totur da birki na sakan biyar. A shekarar 2000 wani kamfani mai suna Vetronix ya fito da na'urar karanta bayanan ga 'yan sanda da masu bincike, Bosch na Jamus ya saye shi a 2003, kuma har yau na'urar Bosch ɗin ce aka fi aiki da ita. Hyundai da Kia suna da tasu daban.

Yadda take aiki kuwa, ku tuna da almajiri da allonsa. Ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa. Muddin mota na tafiya, haka na'urar ke rubuta abin da ke faruwa tana wankewa, ba ta riƙe komai sai na 'yan sakan ɗin da suka wuce. Sai ta ji bugu mai ƙarfi sannan ta dakatar da wankin. Ma'aunin da dokar Amurka ta sa shi ne gudun mota ya sauya da kilomita 8 a awa cikin kashi 150 cikin dubu na sakan. Idan jakar iska ta fashe, rubutun ya kulle, ba ya gogewa. Idan ba ta fashe ba, yana nan dai, amma wani bugun na gaba zai iya hawa kansa, a wasu motocin ma tayar da inji sau da yawa kan share shi.

Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta fitar da ƙa'ida a 2006, wadda ta fara aiki kan motocin da aka ƙera daga 1 ga Satumban 2012. Ba ta tilasta wa kowa sa na'urar ba. Cewa ta yi duk ƙaramar motar da ke da ita, dole ta naɗi abubuwa 15, kuma dole a sami na'urar karanta su a kasuwa. A cikinsu akwai gudun mota na sakan biyar kafin karo, sau biyu a kowane sakan, da yawan totur da aka taka, da ko an taɓa birki, da ko direba ya ɗaura bel, da lokacin da jakar iska ta fashe, da sauyin gudu a lokacin bugun, wanda ake aunawa sau ɗari a sakan. Akwai kuma guda biyu da nake so ku riƙe, don za mu dawo kansu: ko fitilar gargaɗin jakar iska tana kunne a daidai lokacin, da kuma sau nawa aka tayar da motar tun fitowarta daga masana'anta zuwa ranar haɗarin, da zuwa ranar da aka karanta. A Disambar 2024 hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'idar da ta tsawaita lokacin zuwa sakan 20, sau goma a sakan. Tarayyar Turai ta zarce haka, ta wajabta na'urar a kan sababbin samfuran ƙananan motoci daga Yulin 2022, da kowace sabuwar mota daga Yulin 2024.

Karantawar ba wani tsafi ba ne. Mai bincike zai zo da kwamfutarsa da wani ɗan akwati da wayoyi. Ya fara ɗaukar hoton motar ta kowace fuska, ya rubuta lambar jikinta, ya duba girman tayoyin da ke kanta. Sannan ya durƙusa ta gefen direba, ya lalubo soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda masu sikanin mota a gareji ke jona wa na'urarsu. In lantarkin motar bai mutu ba, cikin 'yan mintuna rahoto ya fito. In kuwa motar ta dagargaje, sai ya kwance gwangwanin a hankali, ya sa shi a leda, ya manne da sa hannun shaidu, ya kai ɗakin aiki ya ba shi wuta ta waya. Ba ya goge komai, kwafi kawai yake ɗauka. Abin da ke fitowa jadawali ne na layuka goma ko sha ɗaya. Mu ƙaddara layin farko ya ce sakan biyar kafin karo gudu 128, totur kashi 35, ba birki. Haka har zuwa sakan ɗaya da rabi. A nan totur ya koma sifili. A sakan ɗaya birki ya kama, a rabin sakan gudu ya sauko 112, sai karo. Mai karatu ya san direban nan bai hango komai ba sai da ya rage masa kamar mita hamsin, kuma birkinsa lafiya lau yake, tazara ce ta ƙare masa.

Kafin zuwan wannan, zanen taya a kan kwalta shi ne babban abin dogaro. A auna tsawonsa, a ƙiyasta yadda titin ke riƙe taya, a yi lissafi. Zane mai mita 40 a kan busasshiyar kwalta mai kyau yana nuna gudun kusan kilomita 84. Amma in rairayi ya hau kan titin, kamar yadda muke gani a hanyoyinmu lokacin hunturu, wannan zanen zai iya nuna 71 kacal. Kun ga tazarar da ƙiyasi ɗaya ke haifarwa. Ga shi kuma motocin yanzu suna da birkin ABS da ke hana taya kullewa, saboda haka sau tari babu wani zanen kirki da za a auna.

Bari in kawo muku abin da ya faru da manya a Amurka, don a ga na'urar ba ta duba fuska. Ranar 12 ga Afrilun 2007, gwamnan jihar New Jersey, Jon Corzine, ya yi mummunan haɗari a cikin motar gwamnati, Chevrolet Suburban, ɗan sanda na tuƙa shi. Bayanan farko sun karkata ne kan wata a-kori-kura da ta rikita hanya. Da aka karanta na'urar, sai ga gudun mil 91 a awa, kusan kilomita 146, a inda doka ta ce mil 65. Gwamnan yana gaba, bai ɗaura bel ba, ya karye a cinya da haƙarƙari da dama. Da ya fito daga asibiti ya biya tarar dala 46 ta rashin ɗaura bel, ya kuma fito a talabijin yana roƙon jama'a su ɗaura. A Nuwambar 2011 kuma mataimakin gwamnan Massachusetts, Tim Murray, ya kifar da motar gwamnati da asuba. Ya ce yana cikin ƙa'idar gudu, kuma da bel a jikinsa. Na'urar ta nuna ba bel, ta nuna gudun ya tashi daga mil 75 ya kai 108 kafin ya bar titi, alamar gyangyaɗi ne ya kwashe shi ƙafarsa na kan totur. Aka ci shi tarar dala 555.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ɗan wasan golf Tiger Woods, a Kalifoniya, ranar 23 ga Fabrairun 2021. Motar da yake tuƙawa, Genesis GV80, ta bar hanya a wata gangara mai kwana da gudun kilomita 135 zuwa 140, a inda aka iyakance 72, ta daki bishiya da gudun kusan 120. Na'urar ta nuna bai taɓa birki ba ko sau ɗaya, totur kuwa an danne shi har kashi 99. Masu binciken suka ce mai yiwuwa a cikin ruɗewa ya taka totur yana zaton birki ne. 'Yan uwana direbobi, wannan ya kamata mu tsaya a kansa. Mutum zai iya dafa Alƙur'ani ya ce ya taka birki da iya ƙarfinsa motar ta ƙi tsayawa, kuma a zuciyarsa gaskiya yake faɗa, alhali ƙafarsa a kan totur take. Lokacin da aka yi ta ƙorafi a Amurka cewa motocin Toyota suna zabura da kansu, hukumar NHTSA ta karanta na'urori 58 a 2010, ta sami 35 daga ciki ba a taka birki ba sam. Sai dai binciken ya kuma tabbatar da matsala ta gaske a wasu motocin: totur da ke maƙalewa, da shimfiɗar ƙasa da ke danne shi. Masu jibga kafet biyu uku a ƙarƙashin ƙafar direba, a kula.

Kada wani ya tashi daga nan da zaton na'urar nan makamin kama direba ce kawai. Ta sha wanke direba, ta nuna kamfani. A tsakiyar shekarun 2000, ƙananan motocin General Motors irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion sun riƙa yin haɗari jakar iska ba ta fashe ba. Aka yi ta ɗora wa matattu laifi, wannan gudu, wancan maye. Amma a wasu haɗurran 2005 da 2006, na'urar ta rubuta cewa a lokacin karon makullin motar ba ya kan matsayin tafiya, ya zame ya koma inda rediyo kawai ke aiki. Wani ɗan sifirin ne a cikin gidan makullin ya yi rauni, ta yadda nauyin tarin makullai, ko gwiwar direba, ko faɗawa rami, kan juya shi. Inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iska ta daina aiki. Sai a 2014 kamfanin ya janye motoci kusan miliyan 2.6, asusun diyyarsa kuma ya amince da mutuwar mutum 124. Shaidar tana rubuce shekara takwas ko tara kafin a saurare ta.

Duk da haka, mai shaidar nan gajeren gani ne da shi, kuma wanda bai san iyakarsa ba zai zalunci wani da shi. Gudun da yake rubutawa daga juyin taya yake samo shi, irin wanda maleji ke nunawa. In taya ta kulle tana ja a ƙasa, zai rubuta ƙasa da gaskiya. In mota ta tashi sama ko tana sulɓi a laka tayar na juyawa a banza, zai rubuta fiye da gaskiya. In an sauya taya da wadda ta fi ta asali girma da kashi biyar cikin ɗari, abin da muke yi kullum don mota ta ɗaga daga ƙasa, zai rubuta 100 alhali ana 105. A kan birki, cewa kawai yake an taɓa ko ba a taɓa ba, bai san ƙarfin takun ba. In batir ya fashe a bugun farko, rubutun na iya yankewa. Bai san ko akuya ce ta gifta ba, ko wata tirela ce ta haske wa direba ido, ko waya ce a hannunsa. Shi ya sa ƙwararren mai bincike ba ya miƙa jadawalin nan shi kaɗai. Sai ya gwada shi da lotsewar jikin mota, da inda ɓaraguzai suka zube, da inda motocin suka tsaya, da bakin shaidu. In suka saɓa, sai ya nemo dalili.

To, ina ruwanmu da dokokin Amurka? Ruwanmu shi ne motocinsu muke hawa. Camry da Corolla da Accord da Sienna da Highlander da suka shigo ta tashar Legas, ko ta Kwatano suka biyo Maraɗi, da yawansu ƙirar kasuwar Amurka ne, kuma na 2013 zuwa sama kusan duk suna ɗauke da na'urar da za a iya karantawa. Tsofaffin Golf da Sharon da J5 da ke jigila a tashoshinmu yawanci ba su da ita, wannan gaskiya ne. Amma motocin gida da na ofis da na ayarin manya suna da ita. Akwai wani tarko kuma. Da yawa daga motocin nan an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a can, aka gyara jiki, aka fesa fenti. Wata ƙwaƙwalwar tana nan kulle da labarin haɗarin da aka yi a Amurka shekaru da suka wuce, wata kuma an ciro ta ne daga wata motar daban. A nan ne ƙidayar tayar da inji ke amfani. In lambar ranar haɗari ta yi nisa da ta ranar karatu da dubbai, to tsohon labari ne, kada a rataya wa direban yau. Haka kuma in an cushe gurbin jakar iska da tsumma, an cire ƙwan fitilar gargaɗi don mai saye kada ya gani, ƙwaƙwalwar ta san akwai matsala ko da fitilar ba ta haska ba.

Ni wannan magana ba a takarda kawai na san ta ba. Ɗan yayata ya rasu a haɗari, yana fasinja a motar abokinsa, mota ƙirar Amurka mai wannan na'ura. Direban ya rayu, ya ce birki ne ya ƙi. Bayan sadakar uku na je inda aka ja motar, na same ta a ƙarƙashin wata darbejiya, gilas a warwatse kan kujera, takalmin yaron ƙafa ɗaya har lokacin yana ƙasan kujerar gaba. Na leƙa tsakanin kujeru, sai na ga an ɓalle robar wajen giya, wayoyi a yanke, kusoshi uku a ƙasa. An riga ni. Wani ya kwance gwangwanin, ƙila yana kan tebur a wata kasuwar kayan gyara ana cinikinsa. Yayata ta yafe, kuma na san har zuciyarta ta yafe. Amma har yau takan tambaye ni ko gudu suke yi. Shi ma yaron da ya tuƙa ya zo ya same ni, idonsa ya faɗa, yana tambaya ko akwai kaffara a kansa. Malamin da ya je wurinsa ya tambaye shi abin da kowane malami zai tambaya: ka yi gudun wuce kima? Ka yi sakaci da lafiyar motar? Ya ce wallahi ba ya iya tunawa. Amsar tambayoyin nan duka tana cikin abin da aka kwance.

Iyayenmu malamai suna nan, sun fi ni sanin cewa yarda da ƙaddara ba ta hana alƙali bincike. Haƙƙin mamaci, da diyya, da kaffara, da kuɗin inshora, da wanke wanda ake zargi, duk sun rataya ne a kan sanin abin da ya faru. Dokarmu ma ta buɗe ƙofa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da bayanin da ya fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, muddin an kawo takardar shaidar cewa na'urar tana aiki daidai da yadda aka fitar da bayanin. Wanda ya mallaki bayanan kuma batu ne da ya kamata lauyoyinmu su zauna a kansa. Amurka ta yanke a dokar 2015 cewa na mai motar ne ko wanda ya yi hayarta ta dogon lokaci, ba a taɓa su sai da izininsa ko umarnin kotu, ban da 'yan wasu dalilai da dokar ta lissafa. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da za a iya ɗorawa a kai, don kada abin ya zama hanyar tatsar mutane a bakin titi.

Abin da nake roƙo daga jami'anmu na hukumar kiyaye haɗurra da sashen motoci na 'yan sanda ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi kafin a fara. Duk haɗarin da aka rasa rai, kada a yi ta tayar da motar ana gwadawa. A cire makulli, a ajiye shi da rubutu. A ɗauki hoton tayoyi da lambar girmansu kafin janwe ya ja ta. A rufe ƙofofin da tef mai sa hannu, a rubuta sunan duk wanda ya buɗe. In ba za a iya tsare motar ba, a sa mai wayarin da aka amince da shi ya cire batir, ya jira 'yan mintuna, ya kwance gwangwanin a gaban wakilan ɓangarorin biyu, a sa a leda a manne. Ko da na'urar karantawa guda ɗaya ce a shiyya, da jami'ai biyu da aka horar, rubutun da ya kulle zai jira su wata da watanni ba tare da ya goge ba.

Shugaban taro, na ga hannaye sun fara tashi daga ɓangaren direbobi. A ba su dama.